Gida Ɗaya Suka Fito

A rumfar kwano bayan gidanmu a Cochrane,
inda iskar Patagoniya ke girgiɗe ƙusa,
babura biyu ke jingine kafaɗa da kafaɗa.
Duka Yamaha, tambari ɗaya a jikin tanki,
amma fitowa ciki ɗaya
ba ta sa hali ya zama ɗaya.

Na dama XT500 ne, na babana Baldomero.
Bugu huɗu, fistin guda kamar gwangwanin madara,
murya can ƙasan ƙirji, dum, dum, dum,
kamar mai sassabe da ba ya ɗaga kai.
Ba ya tashi don an roƙe shi.
Sai ka lallaɓa kik, ka leƙa 'yar tagar inji,
ka jira alamar nan ta nuno kai,
sannan ka sako nauyinka gaba ɗaya.
Ka yi gaggawa, ya rama a idon sawu.

Na hagu DT400, na baffa Hilarión.
Bugu biyu, siririn ƙugu, saurin fushi.
Yana ƙona baƙin mai tare da fetur,
ya bar shuɗin hayaƙi rataye a kan shinge.
Kukansa zanzaro ne cikin kwalba.
Baffa bai taɓa fita ba sai da fulogi biyu a aljihu,
ɗaya don hanya,
ɗaya don ɗayan.

Shekara talatin ana musu.
Ƙoƙon mate na zagayawa gaban murhu,
Baba ya tsotsa ya ce,
"Naka sauro ne, ihu ba tsoka."
Baffa ya karɓa ya ce,
"Naka tarakta ce da ta ɓatar da taya biyu."
Inna Eduvigis ta ƙara itace,
ba ta taɓa yanke hukunci ba.

Hanya ma ba ta yanke ba.
A doguwar tsakuwa gefen kogin Baker
na Baba ke miƙe wuya ya cinye nisa,
na Baffa na baya yana lasar gindin tanki.
Amma ranar da ƙanƙara ta narke
a kwarin da muke kiwon tumaki,
ƙaramin ya bi ta kan laka kamar kaza,
babban ya nutse har sarƙa.
Su biyu suka ciro shi da igiyar doki,
Baffa na dariya har yana tari.

Tarin nan ne ya tafi da shi,
a gadon asibiti a Coyhaique,
ba a kan sirdi ba kamar yadda ya so.
Aka lulluɓe DT da buzun rago.
Hunturu biyu ba wanda ya ɗaga.

Sai gwiwar Baba ta fara ba da uzuri.
Wata safiya na tsaya a bakin rumfa
ina ƙirgawa: ɗaya, uku, bakwai.
XT bai ko yi atishawa ba.
Ya sauko, ya zauna a kan jarka,
ya daɗe yana kallon ƙafarsa.

Ya tashi ya yaye buzun.
Ya zuba sabon fetur, ya wanke kafireto.
Rigar Baffa na nan a ƙusa,
ya sa hannu a aljihu,
fulogi biyu.
Ya ɗaura ɗaya, ya mayar da ɗaya.
Kik na uku zanzaro ya farka,
rumfa ta cika da warin ƙanensa.

Yanzu ni ke hawan babban.
Ya riga ya sa min hannu a idon sawu,
tabon na nan, ina nuna wa baƙi.
Baba na gaba, ina biye ina haɗiyar hayaƙi.
In mun tsaya buɗe ƙofar shinge
sai ya shafa tankin ya ce,
"Har yanzu dai sauro ne."
Bai taɓa bari na wuce shi ba.